Yadda Mista Rolin Ya Kori Kansila

Duk wanda ya taɓa zama a yammacin tsibirin Roatán ya san Mista Rolin Ebanks. In bai san shi da suna ba ya san shi da murya, don mutum ne da Allah bai ba shi ikon magana a hankali ba. Matarsa Mis Idela takan ce abin da ya sa ta ƙyale shi ya tsufa a sana'ar nutso shi ne a ƙarƙashin ruwa kaɗai ake samun abin toshe masa baki. Gajere ne, ƙirji kamar gangar mai, kai ba gashi ko na rantsuwa, yana jan ƙafar hagu in yana tafiya.

Ƙafar nan tsarabar ƙuruciya ce. Tun bai fara gemu ba ya bi manyan jiragen da ke zuwa nesa kamun manyan jatan lande, inda ake ɗaura wa mutum tukunyar iska a baya a ce ya sauka, in ya ji iskar ta fara ƙarewa ya taso. Wata rana ya taso da gaggawa daga zurfin da bai kamata ba, iska ta kumfa a jininsa, ƙafa ta mutu. Aka kulle shi a ɗakin ƙarfen asibiti mai matse iska har ta farfaɗo, amma ba ta dawo duka ba. Shi dai a nasa labarin kifin shak ne ya kama shi, kuma kowace shekara kifin ƙara tsawo yake yi.

Bayan ya warke ne ya gano cewa akwai mutanen da ke biyan kuɗin jirgin sama su zo su kalli kifi, kallo kawai, ba su ci ba. Ya daɗe yana dariyar abin. Yakan ce bai taɓa ganin inda mutum ya ƙetare duniya don ya ga miya tana yawo ba. Amma da yake wautar wani abincin wani ce, sai ya yi jarrabawa ya zama jagoran masu nutso a ɗan otal ɗin Doña Marleni, ya kuma zauna nan har kansa ya yi sanƙo.

Otal ɗin ba wani abin a zo a gani ba ne. Arzikinsa ɗaya, murjanin ƙofar gida. Ba sai an hau jirgi ba. Mutum zai bi gadar katako har ƙarshenta ya faɗa ruwa, ya wuce ciyawa, ya wuce farin yashi, sai ga duwatsun murjani, daga nan kuma ƙasa ta yanke ta zama bango ta gangara har inda ido ke gajiya. Sababbin shiga ana barinsu a kan yashi suna harba ƙafa kamar kwaɗi. Na Mista Rolin su ne waɗanda suka ƙware, masu son gangara bangon zuwa ƙafa ɗari, inda mayen zurfi ke kama mutum ya ga babban ɗan kasuwa yana sara wa soson teku. Don ya tattara hankalinsu yana da wani ɗan ƙarfe rataye a ƙirji, in ya buga shi a jikin tukunyar iskarsa sau uku, ƙwal, ƙwal, ƙwal, kowa ya waiwayo.

Ana nan sai kifin zaki ya shigo mana teku. Baƙo ne, ba a san shi a ruwanmu ba, ga ado kamar amarya, ga ƙaya mai dafi, ga ci kamar gara. Ya dinga haɗiye 'ya'yan kifi, kuma babu abin da ke cin sa. Aka ba jagororin nutso izinin kashe shi da ɗan mashi mai baki uku da ake harbawa da roba. Sai masu nutson suka zauna a inuwa suka yi shawara irin wadda ake yi bayan kwalba ta biyu: tunda manyan kifayenmu ba su san zaki abinci ba ne, mu za mu koya musu. A soke shi, a miƙa musu a bakin mashi, in sun ɗanɗana za su riƙa farautarsa da kansu. Mista Rolin ya rantse shi ya fara kawo dabarar. Daga baya, da abin ya ɓaci, ya rantse shi ne ya fara hana ta.

Ɗalibinsa wani mero ne, irin ƙaton kifin nan mai faɗin baki da tumbi, da ke zaune a wani kogo a jikin bangon. Ranar farko ya tsaya daga nesa yana harara. Rana ta biyu ya matso ya haɗiye zakin da ƙayarsa da komai, ya ɗan girgiza, ya dubi Mista Rolin kamar yana tambayar saura. Abin da ya koya ke nan, kuma shi kaɗai ya koya. Bai taɓa farautar zaki ko ɗaya da kansa ba. Ana iya samun zaki biyar suna shawagi a ƙofar kogonsa, ya wuce su kamar bai gani ba, ya je ya tsaya a gefen Mista Rolin da baki buɗe. Shi ya sa aka sa masa suna Kansila, don ba ya aikin komai, ba a ganinsa sai lokacin ci, kuma kullum tumbin ƙaruwa yake.

Shekaru suka tafi a haka. Kansila ya gane ƙarar ƙarfen nan, da ya ji ƙwal uku sai ga shi ya taso daga zurfi yana kaɗa jiki. Har ya kai yana kwantar da haɓarsa a tafin hannun Mista Rolin a sosa masa. Baƙi suka yi ta ɗaukar hoto, Doña Marleni ta buga fuskar kifin a jikin riguna tana sayarwa. Mista Rolin kuwa a bakinsa zagi ne kullum, ɗan banza, maƙwaɗaici, mara zuciya. Amma ranar da Kansila ya yi jinkirin fitowa, sai ka ga tsohon yana ta waige-waige ya manta da baƙin da ya kawo. 'Ya'yansa duk sun tafi aikin jirgin ruwa a ƙasashen waje, waya ma sai an ga dama. Yana son kifin nan, so na gaske, ko da yake da za a ɗora masa wuƙa a wuya ba zai faɗa ba.

Matsalar ita ce Kansila bai san bambancin mutum da mutum ba. Duk wanda ya gani da mashi, a wurinsa mai kawo abinci ne. Ya bar zurfi ya riƙa biyo mutane har kan yashi, har ƙarƙashin gadar katako, inda ruwa bai fi tsayin mutum biyu ba.

Mis Idela tana da ƙane, Kelso, masunci ne, mai kwalekwale da bindigar roba irin ta harbin kifi. Doka ta hana harbi a wannan yankin, amma Kelso da doka gaisuwar nesa suke yi. Wata Lahadi bayan an taso coci, saura mako biyu Ista, ya zo cin abinci gidan yayarsa kamar yadda ya saba zuwa duk inda aka sauke tukunya. Ana cin burodin kwakwa da soyayyen kifi a baranda, sai ya goge baki ya ce, "Mijin yaya, jiya na gaisa da ɗanka."

"Wane ɗan? Wanda ke Miami ko wanda ya manta lambata?"

"Mai tumbin. Ina wucewa ta bakin gada, na ɗan buga wuƙata a jikin anga, ƙarfen tsayar da kwalekwale, sau uku, wasa kawai. Wallahi sai ga shi ya taso har yana shafar kwalekwalena. Baki buɗe kamar ƙofar coci."

Mista Rolin ya ajiye burodin da ke hannunsa.

Kelso ya ce, "Ka san miyar Ista nawa ke jikin abin nan? Unguwa guda za ta ci ta yi kyauta."

"Ka taɓa shi ka gani. Sai na sa an kulle ka."

"Ka kulle ƙanen matarka? To a ina za ka kwana? Ka ji, mijin yaya, sabo da kaza ba ya hana yanka. Kuma ba ni kaɗai na san sirrin ƙwal uku ba, yaran gabas duk sun sani. In ban ɗauke shi ba wani zai ɗauka. Gara ya shiga tukunyarmu, ka samu kai, tunda ɗanka ne."

Mis Idela ta daka wa ƙanen nata tsawa, ta kuma ƙara masa kifi, don haka faɗanta yake. Da ya tafi, Mista Rolin ya yi ta bambami har kajin maƙwabta suka watse. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce masa Kelso ɓarawo ne amma ba maƙaryaci ba ne, kuma ba Kelso ne ya koya wa kifi ya riƙa rungumar mashi ba. Wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta.

Lissafin a fili yake. A makon Ista kowane gida sai ya dafa miyar kifi da madarar kwakwa, kuma ranar Juma'ar makon babu mai shiga ruwa, don tun muna yara aka gaya mana wanda ya yi wanka a teku ranar zai zama kifi. Ke nan duk mai niyyar harbi zai yi ta ne kafin ranar Alhamis ta faɗi. Masu bindigar roba da numfashinsu suke nutsewa, ba su da tukunyar iska, ba sa wuce kan yashi. In Kansila ya koma kogonsa a jikin bango ya daina amsa kira, ya tsira. In bai koma ba, miya ce.

Mista Rolin ya fara da hanyar lalama. Ya daina ba shi abinci. Kansila ya ɗauka mantuwa ce, ya riƙa bin sa yana tunkuɗar gwiwar hannunsa don ya tuna masa. Tsohon ya yi masa tsawa ta cikin tiyon iska, abin da ya fito kumfa ce kawai, kifin ya shiga cikin kumfar yana wasa. Sai ya saci barkonon Mis Idela, irin wanda ke sa ƙato kuka, ya cusa guda shida a cikin zaki ya miƙa masa. Kansila ya haɗiye, ya dawo neman ƙari. Ashe kifi ba ya jin yaji, Mista Rolin ne ya sosa ido da hannun ya kwana yana zagin kakannin barkono. Ya yanka tsohon silifa siffar kifi ya ba shi, Kansila ya tauna ya tofar, ya dube shi irin kallon da ake yi wa mai tuwon da ya rage mudu, amma ko taku ɗaya bai ja da baya ba.

Doña Marleni da ta ji abin da yake yi ta kira shi ofis. Ta ce kifin nan shi ke kawo rabin baƙinta, ga riguna kwali biyu ba a sayar ba. Ta ce za ta sa a riƙa gadi. Ya tambaye ta wa zai yi gadin teku, kuma da wane ido, sannan ya ce mata in an harbe shi ta buga hoton tukunya a rigunan. Ba ta ƙara gaishe shi ba har aka yi Ista.

Ranar Talatar makon Ista ya ga kwalekwalen Kelso yana shawagi nesa kaɗan da gada, wai yana gyaran inji. Inji lafiyarsa ƙalau, kowa ya ji tashinsa. Ranar Laraba da safe Mista Rolin ya ce wa baƙinsa su bi wani jagoran, shi kansa ke ciwo. Da suka tafi ya ɗauki tukunyarsa da mashinsa ya bi gada shi kaɗai, abin da shi da bakinsa yake hana kowa.

Ruwan ya kwanta, ana ganin komai tar. Ya wuce ciyawa ya durƙusa a kan yashi, daidai inda mai bindiga zai iya kaiwa. Bai soki zaki ba, mashin babu komai a bakinsa. Ya daɗe riƙe da ɗan ƙarfen kafin ya buga. Ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Sai ga shi ya taso daga bakin bango, yana kaɗa tumbi, ba ya ko sauri, don ya san ba mai cinye masa rabo. Ya zagaya Mista Rolin sau ɗaya, ya duba mashin ya ga wayam, bai damu ba. Ya zo ya ɗora haɓarsa a tafin hannun, ya ɗan karkata gefe yadda ya saba in yana son a sosa masa bayan kunne. Mista Rolin ya sosa masa. Ya sosa masa fiye da kullum. Sannan ya ja robar mashin rabin ja, yadda ba zai shiga da zurfi ba, ya saita tsokar da ke kusa da wutsiya, ya saki.

Ƙarar da kifin ya yi sai da ya ji ta a ƙirjinsa, wani gum kamar an buga ganga a cikin ɗaki. Yashi ya turnuƙe. Da ya lafa sai ya hango Kansila can gefe, launinsa ya koɗe, ga ɗigo uku a jikinsa suna fitar da abu kamar hayaƙi. Abin da ya fi ƙona wa Mista Rolin rai shi ne kifin bai gudu ba. Ya tsaya yana kallonsa, har ma ya fara matsowa a hankali, kamar mai cewa kuskure ne, na sani. Dole tsohon ya sake buga ƙarfen sau uku, ya ɗaga mashin ya yi kansa da gudu, ya bi shi har bakin bango yana kai masa suka ba tare da ya same shi ba. A nan ne Kansila ya juya ya gangara, bai waiwayo ba.

Mista Rolin ya fito ya zauna a ƙarshen gada da kayansa a jiki. Mai share gadar ta ce tun da take ba ta taɓa ganin bakinsa a rufe a kan tudu ba sai ranar. Baƙin ciki ne ya cika shi, da kunya, irin kunyar wanda ya ci amanar da aka ba shi hannu biyu.

Ranar Alhamis Kelso ya zo da safe. Mista Rolin yana kallonsa daga inuwar ɗakin tukwanen iska. Kelso ya buga wuƙa a jikin anga sau uku, ya jira. Ya sake bugawa. Ya yi ta bugu har rana ta take, kamar maƙerin da aka ba aikin gaggawa, babu abin da ya taso sai wasu 'yan ƙananan kifaye masu son gulma. Da ya gaji ya matso bakin gada ya ce, "Mijin yaya, me ka yi wa ɗan naka?"

"Na kai shi makaranta."

"Ka cuce mu. Yanzu da me za a yi miya?"

"Da wannan kan naka. Ai ba ƙashi a ciki."

Miyar Ista ta wannan shekarar da busasshen kifin kanti aka yi ta, Kelso ya ci kwano biyu yana ƙorafi.

Bayan sati ɗaya Mista Rolin ya gangara bangon da wasu ƙwararru biyu, har iyakar da sana'a ta yarda, inda launin ja ke komawa baƙi kuma agogon hannu ke fara gargaɗi. Can ƙasa da su, inda ba shi da ikon zuwa, ya hango shi a ƙofar wani sabon kogo. Ya ɗan rame, tabo uku sun yi fari a kusa da wutsiya. Kifin ya ɗago ido ya gan shi, ya ja da baya a hankali ya shige duhu. Mista Rolin ya tsaya har agogon ya fara kuka, sannan ya yi wa mutanensa alama su tashi.

Tun daga ranar bai ƙara buga ƙarfen nan ba. Yana nan rataye a ƙirjinsa, amma in yana son baƙi su waiwayo sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana jan su a ƙafa, suna fitowa suna gunaguni. Doña Marleni ta yi magana, sauran jagorori suka yi ta tsokanarsa wai tsufa ya sa ya manta amfanin ƙarfe. Ya zage su tas, da muryarsa ta da, don bakin ya dawo aiki tuni, har kifin shak ɗin da ya kama masa ƙafa ya ƙara tsawo.

Mis Idela ce kaɗai ta tambaye shi a tsanake, wata rana da yamma tana kankare kwakwa a baranda. Ta ce tunda kifin ya riga ya koyi gudu, mene ne na wahalar da kai da jan ƙafafun mutane? Ya buga abinsa mana. Ko tsoro yake ji ya buga Kansila ya ƙi zuwa, abin ya dame shi?

Mista Rolin ya juya ɗan ƙarfen a hannunsa.

"Ba wannan ba ne, Idela," ya ce. "Kin san shi, wawa ne, ba shi da riƙo. Tsoro nake ji in buga ya zo."